Tarihin Waƙar Haɗarin Jirgi Mai Lamba 97

A cikin waƙoƙin mutanen karkarar Amurka, irin waɗanda daga baya aka raɗa wa suna kiɗan kantiri, da wuya a sami wadda tarihinta ya fito fili kamar The Wreck of the Old 97, watau waƙar haɗarin jirgin ƙasa mai lamba 97. Abin da ya jawo haka kuwa shari'a ce. An shekara da shekaru ana ja-in-ja a kan wanda ya tsara ta, aka nemo shaidu aka rantsar da su, aka rubuta abin da kowa ya faɗa. Galibin waƙoƙin baka ba su samun wannan gata, sai dai a tsince su a bakin jama'a, mai su ya daɗe da ɓacewa. Saboda haka mai nazarin adabin baka zai iya bin sawun wannan waƙa tun daga ranar da abin ya auku har zuwa lokacin da ta zama haja a kasuwa, ya ga irin abin da faifan garmaho ya ke yi wa waƙar da a dā ba ta da ubangiji.

Jirgin da a ke magana na kamfanin Southern Railway ne, ba ya ɗaukar fasinja, aikinsa jigilar wasiƙu daga Washinton zuwa Atlanta. Kamfanin ya ƙulla yarjejeniya da hukumar gidan waya, a cikinta kuwa akwai sharaɗin cewa duk lokacin da jirgin ya makara za a ci kamfanin tara gwargwadon mintocin da ya ɓata. Don haka sauran jirage su kan ratse su ba shi hanya, direbobinsa kuma sun san ba a yi musu uzuri a kan latti. Ran Lahadi 27 ga Satumba 1903 jirgin ya iso tashar Monroe ta jihar Bajiniya da lattin kimanin awa guda. A nan aka sake ma'aikata, direba Joseph A. Broady ya karɓi kan jirgi mai lamba 1102. Shekarunsa 33, bai kuma daɗe da kama aiki a kamfanin ba. Abokansa su kan kira shi Steve, don sunan mahaifinsa ya yi kama da na Steve Brodie, mutumin nan da ya yi suna da iƙirarin ya yi tsalle daga kan gadar Brooklyn cikin 1886.

Daga Monroe zuwa Spencer ta jihar Karolina ta Arewa, inda zai miƙa jirgin ga wani, mil 166 ne, an kuwa yanka wa tafiyar awa huɗu da kwata, watau wajen mil 39 cikin awa. In har zai rama lattin, sai ya riƙa gudun da bai gaza mil 51 ba, a hanyar da ta cika hawa da gangara da kwana. Gab da garin Danville akwai gangara mai tsawon mil 3, a ƙarshenta kuma wata gada ta katako mai lanƙwasa, ana ce da ita Stillhouse, tsayinta daga ƙasa wajen ƙafa 45. Dokar kamfani ita ce kada a wuce mil 15 cikin awa a kanta. Jirgin ya shigo ta da gudun da aka ƙiyasta ya haura mil 50, ya kauce daga dogo, ya faɗa kwari da taragunsa huɗu. Mutum 18 ke ciki, 11 suka rasu, har da direban, biyar daga cikinsu kuwa akawunan gidan waya ne. Da ya ke ranar hutu ce, mutanen gari suka yi dafifi, aka ɗauki hotuna, jaridu suka watsa su ko'ina. Kamfanin ya ɗora laifi duka a kan Broady, ya ce ba wanda ya umarce shi da gudu. Kan jirgin kuwa aka ɗago shi aka gyara, ya ci gaba da aiki har 1935.

In don yawan mamata ne, haɗarin bai kai wasu da dama da aka yi a Amurka a shekarun nan ba, waɗanda yanzu ba mai tuna su. Waƙa ce ta raya wannan.

Karin da aka ɗora waƙar a kai ba sabo ba ne. Na wata waƙa ce mai suna The Ship That Never Returned, wadda Henry Clay Work ya tsara cikin 1865 a kan jirgin ruwan da ya tafi bai komo ba. Karin ya bazu ƙwarai, mutane suka yi ta zuba masa kalmomin kansu, har da na jiragen ƙasa, tun kafin 1903. Wannan al'ada ba baƙuwa ba ce ga wanda ya san yadda marubuta waƙoƙin Hausa su kan ari karin makaɗa su hau shi da nasu baitoci. Amfanin aron a bayyane ya ke: mai sauraro ya riga ya san hanya, abin da ya rage masa ya haddace kalmomi. Illarsa kuma, wadda ta fito daga baya a gaban alƙali, ita ce mutum uku ko huɗu za su iya tsara waƙa a kan abu guda da kari guda, ba tare da ɗaya ya ji ta ɗaya ba, su kuma yi kama da juna har kowa ya rantse tasa aka sata.

Shekara ashirin waƙar ta yi tana yawo a baki kafin ta hau faifai. Hanyar da ta bi kuwa abin lura ce, domin ba ta manoma ko makiyaya ba ce kamar yadda sunan kiɗan karkara zai sa a zata. Masaƙu ta bi. A zamanin nan an kakkafa ma'aikatun saƙar auduga a gindin duwatsun Bajiniya da Karolina, talakawan ƙauye suka kwararo cikinsu, kuma ba su cika zama wuri guda ba, yau suna wannan masaƙa, baɗi suna waccan. Duk inda suka sauka da waƙoƙinsu su ke sauka. Biyu daga cikin irin waɗannan leburori, Fred Jackson Lewey da Charles Noell, su ne bincike ya nuna suna da hannu a farkon waƙar. Lewey ya ce yana aiki a wata masaƙa kusa da gadar lokacin da abin ya faru, yana cikin waɗanda suka taimaka wajen zaƙulo mutane, kuma Albion Clapp, mai zuba wa jirgin gawayi, wanda ya rasu a ciki, ɗan'uwansa ne. Baitocinsu suna da yawa, ana kuma rera su a hankali kamar waƙar makoki.

A garin Fries na Bajiniya akwai wata masaƙa, a cikinta akwai wani ma'aikaci, Henry Whitter, mai kaɗa gita yana busa hamonika. A nan ya koyi waƙar, ya rage mata tsawo, ya ƙara mata sauri. Ya zo a kan gaɓa, don cikin Yuni 1923 Ralph Peer na kamfanin Okeh ya ɗauki muryar wani mai goge, Fiddlin' John Carson, a Atlanta, faifan kuwa ya yi kasuwar da ba a zata ba. A lokacin rediyo ta fara shiga gidaje, cinikin faya-fayai ya ja baya, kamfanoni suna neman sababbin masu saye, sai suka farga da mutanen karkarar kudu. Cikin Disamba 1923 Whitter ya rera waƙar a Niyok wa Okeh, faifan ya fito farkon 1924. Ba gwanin murya ba ne, ta hanci ya ke waƙa, kalmominsa ba su fita sosai. Har ma an ruwaito cewa Ernest Stoneman, wanda ya san shi tun a Fries, da ya ji faifan sai ya ce shi ma zai iya fin haka, ya kama hanyar Niyok, ya zama ɗaya daga cikin magabatan wannan kiɗa. Kafin shekarar ta ƙare wasu mawaƙa biyu, Ernest Thompson da George Reneau, sun yi wa kamfanonin Columbia da Vocalion tasu.

Wanda ya kai waƙar duniya kuwa ba mutumin masaƙa ba ne. Sunansa na yanka Marion Try Slaughter, an haife shi a Tekzas cikin 1883, ya haɗa sunayen garuruwa biyu na jiharsu ya kira kansa Vernon Dalhart. Ya koyi waƙa irin ta gidajen wasan birni, ya yi shekaru yana yi wa kamfanoni faya-fayai, tauraronsa kuma ya fara dusashewa. Da ya ji faifan Whitter sai ya zauna ya rubuta kalmomin kamar yadda kunnensa ya ba shi, ya rera wa kamfanin Edison cikin Mayu 1924, sa'an nan ya shawo kan kamfanin Victor, wanda ya fi kowane girma, ya sake rerawa cikin Agusta. A bayan faifan Victor, mai lamba 19427, aka sa wata waƙa ta ɗan kurkuku, The Prisoner's Song. Faifan ya yi kasuwar da ba a taɓa gani ba a irin wannan kiɗa, shi ne a ke lissafawa na farko a kiɗan kantiri da cinikinsa ya wuce miliyan guda. Adalci a faɗa cewa waƙar ɗan kurkukun ta ja masu saye ko ma fiye da ta jirgin, amma dai duk gidan da ɗaya ta shiga, ɗayar ma ta shiga.

A nan ne wani ƙaramin abu ya faru wanda ya zama babba daga baya. Da ya ke Whitter ba ya fitar da kalmomi, Dalhart kuma bai san wuraren ba, bai san aikin jirgi ba, sai ya yi kurakuran ji. Laƙabin direban ya koma Pete a bakinsa maimakon Steve. Garin Spencer ya zama Center. Kalmar da ke nufin birkin iska, wanda waƙar ta ce ya ƙwace wa direban a gangara, ta rikiɗe ta zama wata kalma ta lissafi mai nufin matsakaici, wadda ba ta da wata ma'ana a wurin. Faifan ya ɗauki kurakuran nan ya kai su gidaje dubbai, mutane suka haddace su, har wanda ya san daidai ya zama shi ne bare. A waƙar baka kuskure ya kan mutu tare da wanda ya yi shi, ko wani ya gyara a gaba. Faifai kuwa maimaita shi ya ke yi kullum ba canji, da murya mai kwarjini irin ta kamfani.

Dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ta 1909 ta yanka wa mai waƙa santi biyu a kan kowane faifai da aka buga. Muddin waƙar tana bakin leburori wannan bai dami kowa ba. Da ciniki ya kai miliyan, sai tambayar wanda ya tsara ta ta zama maganar dukiya. Kamfanin Victor ya nemi sanin gaskiya don ya kare kansa, bincikensa kuma ya haɗa shi da Robert Winslow Gordon, masanin waƙoƙin gargajiya da ya yi karatu a Harvard. Gordon yana da fili a mujallar Adventure inda masu karatu ke aiko masa da tsofaffin waƙoƙi, shi ne kuma ya kafa taskar waƙoƙin gargajiya a ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka cikin 1928. Tun cikin 1925 ya bi sawun waƙar zuwa Karolina ta Arewa, ya sami Lewey a garin Concord ya ɗauki muryarsa, ya kuma gano Noell.

Cikin 1927 wata jarida ta birnin Richmond ta buga cewa ana neman mai waƙar. Sai wani mutum, David Graves George, tsohon ma'aikacin Southern Railway da ke zaune arewa da Danville, ya fito ya ce shi ne. Ya ce ya je wurin haɗarin, ya koma gida ya tsara waƙar, ya yi ta rera wa maƙwabta. Bai taɓa buga ta ko yi mata rajista ba, saboda haka ƙarar da ya kai Victor ta dogara ne ga haƙƙin da doka ta ba mutum a kan abin da ya rubuta bai riga ya fitar ba. Ya kawo shaidu daga garinsu waɗanda suka rantse sun ji shi yana rera ta tun da daɗewa, ya kuma kawo takardar da ya ce asalin rubutunsa ce. Cikin Maris 1933 alƙali John Boyd Avis na kotun tarayya a New Jersey ya ba shi gaskiya. Jama'a da jaridu sun so hukuncin, don labarin talaka ne ya ka da babban kamfani.

Victor ya ɗaukaka ƙara, cikin Janairu 1934 kotun afil ta rushe hukuncin. Babbar hujjar da ta karya George ita ce takardarsa: an sami kurakuran Dalhart a cikinta. Mutumin da ya yi aikin jirgi, ya san abin da birkin iska ya ke, ba zai rubuta kalmar lissafi a gurbinsa cikin 1903 ba, balle ya dace da kuskuren da wani mawaƙi zai yi bayan shekara 21. Wannan ƙa'ida ce da masu nazarin littattafan hannu suka sani sarai, ko na Larabci ko na ajami. Kofe biyu su dace a kan daidai ba ya nuna kome, don kowa zai iya faɗa wa daidai. Amma in suka dace a kan kuskure guda wanda ba shi da dalili, to ɗaya daga ɗaya aka kwafe shi, ko kuwa duka biyun uwa ɗaya suka sha. Abin sha'awa a nan shi ne uwar ba takarda ba ce, faifai ne, kuma an san ranar da aka yi shi.

Duk da haka shari'ar ba ta ƙare ba, sai ta koma gardamar ƙa'idojin kotu. Cikin Disamba 1934 Kotun Ƙoli ta ce Victor ya makara wajen ɗaukaka ƙara, saboda haka kotun afil ba ta da hurumin saurarensa. Kotun Ƙolin ba ta ce kome ba a kan wanda ya tsara waƙar. Aka koma ƙasa aka yi lissafin riba, cikin 1938 aka yanka wa George fiye da dala 65,000. Victor ya sake ɗaukakawa, wannan karo a kan lokaci, cikin 1939 kotun afil ta maimaita matsayinta na farko, Kotun Ƙoli kuma ta ƙi karɓar ƙarar. George bai sami ko santi ba, ya rasu cikin 1948.

Bai kamata a yi saurin kiransa maƙaryaci ba. Kotu ta tabbatar da cewa takardar da ya kawo daga faifan Dalhart ta fito, wannan kuwa ba ya hana a ce ya taɓa tsara wasu baitoci a kan haɗarin bisa karin da kowa ya sani. Mai yiwuwa ne da faifan ya cika gari, waƙarsa ta narke cikin ta Dalhart a ƙwaƙwalwarsa da ta maƙwabtansa, suka rantse da zuciya ɗaya a kan abin da suka gaskata. Tambayar da kotu ta yi tun farko ita ce mai rauni, don ta ɗauka lalle waƙa tana da mai ita guda ɗaya kamar gona. Waƙar da ke kan faifan Victor kuwa karinta na Work ne, gangar jikinta ta Noell da Lewey, tsawonta da saurinta na Whitter, kurakuranta na Dalhart. Gordon, wanda ya ba da shaida a ɓangaren kamfani, ya fahimci haka, amma shari'ar ta cinye masa lokaci mai yawa. Norm Cohen ya bi takardun shari'ar filla-filla a wata maƙala ta 1974, da kuma littafinsa Long Steel Rail na 1981.

Akwai kuma abin da waƙar ta yi wa tarihin haɗarin kansa. Ta buɗe ne da cewa a Monroe aka ba direban umarni ya kai jirgi Spencer a kan lokaci, watau ta ɗora alhakin a wuyan kamfani, saɓanin abin da kamfanin ya sanar. Ta kai gudun jirgin mil 90 cikin awa, abin da ya zarce ƙiyasin da aka yi. Ta rufe da gargaɗi ga mata kada su rabu da mazajensu da baƙar magana, don mai fita aiki ba lalle ya komo ba, wannan kuwa ba shi da wata alaƙa da abin da ya faru a Danville. Rahoton kamfani yana cikin taska ba mai karantawa, abin da leburorin masaƙa suka ce shi ne mutane suka riƙe.

Nasarar faifan ta buɗe kasuwar waƙoƙin labarin masifa. Dalhart ya yi ta fitar da irinsu, kamar waƙar mutuwar Floyd Collins, wanda ya maƙale a kogo a Kentucky cikin 1925, yana amfani da sunaye barkatai a kamfanoni dabam dabam. Bayan da Ralph Peer ya ɗauki muryar Jimmie Rodgers da iyalin Carter a Bristol cikin 1927, masu saye suka karkata ga mawaƙan da suka fito daga karkarar da gaske, Dalhart ya koma baya. Ya rasu cikin 1948 a Bridgeport, inda ya yi aikin akawun dare a wani otal, sai cikin 1981 aka sa sunansa a zauren girmama mawaƙan kantiri.

Waƙar kuwa ta ci gaba da sauya baki.  Woody Guthrie da Roy Acuff da Hank Snow duk sun rera ta, haka Lester Flatt da Earl Scruggs. Lonnie Donegan ya kai ta Ingila cikin 1956. Johnny Cash ya sa ta a babban faifansa na farko na kamfanin Sun cikin 1957, ya kuma rera ta gaban fursunonin San Quentin cikin 1969. A bakin yawancin na baya sunan Steve da garin Spencer sun komo wurinsu, saurin kuwa ya ƙaru har waƙar makoki ta zama ta tsere, kiɗan yana kwaikwayon gudun jirgi.

Karin ma bai tsaya nan ba. Cikin 1949 Jacqueline Steiner da Bess Lomax Hawes suka hau shi suka tsara waƙar siyasa wa Walter O'Brien, ɗan takarar magajin garin Bostan, a kan wani mutum da ƙarin kuɗin jirgin birni ya hana shi sauka har abada. Ƙungiyar Kingston Trio ta yi kasuwa da ita cikin 1959, kuma daga sunan mutumin nan na cikin waƙa, Charlie, hukumar sufurin Bostan ta raɗa wa katin shiga jiragenta suna. A Danville an daɗe da rushe gadar Stillhouse, sai allon tarihi da jihar Bajiniya ta kafa a gefen hanya kusa da wurin.